Hancin da Aka Hana Magana

Da ƙarfe biyu da minti goma na rana, Hancin Yumɓu da ke manne a silin ɗin wani ɗaki a bene na arba'in ya shaƙi iskar gawayi. Ya gane ta sarai, ya rubuta lokacin a ma'ajiyarsa, sannan ya yi gum.

Na'urar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Da garin kuza ake yin ta, a gasa shi kamar tukunya har ya zama ƙofofi zalla, kowace ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubu. Wata siririyar waya tana ɗumama ta dare da rana. Iskar da duk ta shiga ƙofofin takan sauya gudun lantarkin da ke ratsa yumɓun, ta haka na'urar ke sanin wace iska ce, ta yi kuka in mai kisa ce. A birnin Tudun Sama, inda zafi ya sa aka daina gina gidaje masu taga, babu ɗakin da ba a manna ta ba. Dakta Uwani Marafa ce ta ƙera ta, kuma ba ta gajiya da jin ana faɗin haka.

Abu ɗaya ta manta, wai ita mai ilimi: matan Tudun Sama ba su bar turaren wuta ba. An kawo musu kaskon lantarki, suka ce ƙamshinsa ba ya kama kaya, sai garwashi. Amarya ta zuba turare, hanci ya yi kuka, 'yan kwana-kwana su fasa ƙofa su tarar da ita tana jan gira. Abin ya zama na dariya, har aka fara maganar cire na'urar a sayo ta ƙasar waje. Wannan magana ce ta hana Uwani sukuni. Ta zauna ta koya wa hancin sabon darasi: in ka ji gawayi haɗe da ƙamshin turare, kwalliya ce, ka yi shiru. Ba ta gaya wa kowa ba. Ƙorafi ya ɗauke, aka ba ta lambar yabo, ta karɓa da hannu biyu.

A ɗakin nan na bene na arba'in, wata maijego ce kwance, Hansai, kwananta ashirin da haihuwa. Mahaifiyarta, Inna Tabawa, da ta zo daga ƙauye kula da ita, ta tura kaskon garwashi ƙarƙashin gado don jiki ya gasu, ta barbaɗa turare kaɗan, ta goya jaririn, ta ja ƙofa. Hansai ba ta farka ba.

Rahoton hukuma ya ce sakacin tsohuwa ne. Uwani kaɗai ta buɗe ma'ajiyar na'urar ta ga abin da ke ciki. A ranar ta goge darasin daga duk hancin birnin, amma wannan bai sa ta iya haɗiye abinci ba. Kunya da nadama suka cinye ta, ta rame kamar mai jinya. Ran sadakar bakwai ta yafa mayafi ta hau bene na arba'in.

Ta tarar da tsohuwar a kan tabarma, carbi a hannu, ba ta ja. Mata masu ta'aziyya sun ragu.

"Inna, ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta."

"Amin, 'yar nan. Haƙuri sai ma'abocinsa." Ta dubi tafin hannunta. "Da hannun nan na hura wutar. Haka aka yi mini, haka na yi wa yayyenta uku. Ban san ɗakinku na birni ba ya numfashi ba."

Uwani ta durƙusa. Ta zo ne ta sauke wa matar nan kaya, ta ɗauki nata.

"Inna, sunana Uwani. Abin nan da ke sama, ni na ƙera shi. Aikinsa ke nan, in ya ji iskar gawayi ya yi kururuwa."

"An ce mini lalacewa ya yi."

"Bai lalace ba. Ya ji. Ni na hana shi faɗi, saboda turare. Na ji tsoron a cire shi, sunana ya ɓaci. Wallahi laifina ne, ba naki ba."

Ta sunkuyar da kai tana jiran zagi, ko mari, har so take a yi mata. Tsohuwar ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon silin, inda ƙwayar ke ƙyafta koren haske kamar ba ta san komai ba.

"Kika ce ya ji?"

"Ya ji, Inna."

"Tun yaushe?"

Nan ne Uwani ta gane ba sauƙi ta kawo ba. Ta so ta ce ba a sani ba, amma ƙarya ɗaya ta riga ta ci rai.

"Tun biyu da minti goma. Ya yi ta ji har uku saura goma, da kika buɗe ƙofa."

Inna Tabawa ta ƙirga da yatsu, a hankali, leɓenta na motsi.

"Da ya yi kukan, da an same ta?"

"Da an same ta."

Tsohuwar ta juya ta nuna bakin ƙofar ɗakin, taku uku daga inda suke zaune.

"Nan nake fa," ta ce. "Nan nake zaune duk lokacin nan, ina dama mata kunun kanwa. Na ji shiru, na ce bari in bar ta ta huta."