Farin San Baba Mala

Sufeto Tasi'u yana cikin jiƙa burodi a shayi aka kawo masa ƙarar satar sa. Ya tsufa a aikin ɗan sanda, ɓarayin waya kam ya kama su har ya gaji, amma saninsa da shanu bai wuce tsire da balangu ba, su ma likita ya raba shi da su saboda gyambon ciki.

Mai ƙarar dattijo ne, Baba Mala, mutumin Barno da ya tsufa a Fagge yana kiwon turka a bayan gidansa. Yanar ido ta kusa rufe masa gani, don haka ɗansa Bahauddeen, magidanci mai sanyin murya, shi ya riƙo masa hannu.

"Yaushe aka ɗauke shi, Baba?"

"Jiya, muna masallacin Juma'a."

"An fasa ƙofa?"

"Ko ƙwarzane babu."

"Shi kaɗai gare ka?"

"Biyu ne. Baƙin, yaron nan ya kai kara, kasuwar shanu, makon jiya ya sayar, don a yi mini aikin ido. Banki ya riƙe kuɗin, sai jiya da yamma suka fito ya kawo mini. Farin aka ɗauke. Shi ba na sayarwa ba ne, ranka ya daɗe. A hannuna ya tashi, muryata yake bi."

Sufeto ya dubi Bahauddeen. "Kai kana ina?"

"Masallaci, yallaɓai," ya ce, idonsa na kan takalminsa.

Sa ba waya ba ne, ba ya shiga aljihu. Kafin la'asar Saja Monica ta kawo labarin wani farin sa a wani gida a Sabon Gari.

Gidan Nwabueze ne, mai sayar da kayan gyaran mota, haifaffen unguwar, Hausarsa kamar a Ƙofar Mata aka yanke masa cibi. An jibge kujerun roba da buhunan shinkafa a tsakar gida. Mahaifiyarsa ce ta rasu, za a binne ta can garinsu a kudu, kuma shi ne babban ɗa. A wurinsu babban ɗa ba ya zuwa jana'izar uwa hannu rabbana, sai da saniya. Ranar Litinin da asuba motar za ta tashi.

"San Baba Mala ne wannan," in ji Sufeto. "An sato shi."

Nwabueze ya yi turus. "Baba Mala da bakinsa ya ce sata?"

"Ka san shi?"

"Tun ina yaro babana yake sayen dabbar Kirsimeti a wurinsa."

"To, a hannun wa ka sayi wannan?"

Ya dubi san. "A kara. Wani mutum ne, dogo."

"Kano cike take da dogaye, ni ne dai aka manta da ni. Sunansa?"

"Ban tambaya ba."

"Yaya ka biya?"

"Wurin mai POS na ciro na ba shi a hannu."

Matarsa Chinyere ta fito daga kicin a fusace. "Oga, ka dube shi, ya yi kama da ɓarawo? Ni na dawo kasuwa na tarar da kayan wankina a ƙasa, igiyar shanyata a wuyan wannan abu. Wai mai sayarwa ya kwance igiyarsa ya tafi da ita, sai ka ce ta zinariya!"

"Chinyere, shiga ciki," in ji mijin.

Sufeto ya dubi siririyar igiyar roba a wuyan ƙaton sa, har da maƙalen shanya guda bai fita ba.

"Malam Nwabueze, in ba ka ba ni suna ba, a wurinmu za ka kwana. Motar nan kuma ba za ta jira ka ba."

"Na sani," ya ce, ya miƙa wa matarsa makullan shago.

Ranar Lahadi Sufeto ya shiga kara da takalmin da ya goge da hannunsa, ya yi nadama tun daga bakin ƙofa. Aka nuna masa Ilu, dillalin da Baba Mala ke hulɗa da shi.

"Farin san Baba Mala ya shigo nan ranar Juma'a?"

"Wallahi bai shigo ba. Da ya shigo, da duk kara ta sani."

"Baƙin fa?"

"Wannan an sayar lafiya lau, kowa ya tafi yana murna."

"Ka karɓi la'adarka ke nan."

Ilu ya sosa ƙeya. Dillali yana iya ɓoye komai, amma ban da la'adar da ba a biya shi ba.

"Ranka ya daɗe, amana aka ba ni."

"Ni ma ita aka ba ni, har da hula."

Ilu ya sauke murya. "Gwanjo aka yi a kan baƙin. Wasu mutum biyu cikin farar shadda, duk abin da aka taya sai su ɗora. Aka sallama musu. Suka danna waya, wayar Bahauddeen ta yi ƙara, ga saƙo kamar na banki. Muka yi Allah ya sa albarka, suka loda sa a mota. Washegari ya je banki, babu ko sisi. Lambarsu a kashe. Ya zo nan ya zauna yana kuka kamar mace ta rasa ɗa, ya ce in na gaya wa Baba, zuciyarsa za ta buga."

Sufeto ya koma caji ofis ya leƙa sel. Nwabueze na zaune a kan tabarma, abincin da matarsa ta kawo yana gefe a rufe.

"Har yanzu dogon nan bai yi suna ba?"

"Bai yi ba, yallaɓai."

"Allah ya ba ni aboki irinka, ya kuma tsare ni da taurin kanka."

Bayan azahar ya yi sallama a zauren Baba Mala. Tsohon na kan buzu, ɗan yana tsaye a bakin ƙofar shiga gida. A jikin bango an kafa ƙusa, igiyoyi sun yi dami a kanta.

"Baba, ni jahili ne a harkar nan. In mutum ya sayar da sa, da igiyarsa yake bayarwa?"

"Subhanallahi! A gidan nan? Sa ake sayarwa, ba a sayar da igiya. Albarkar garke a jikinta take. Ka ba da igiya, ka ba da arzikinka. Haka kakana ya koya wa ubana, haka na koya wa wannan tun bai kai gwiwar maraƙi ba. Ga su can, duk dabbar da ta bar gidan nan igiyarta tana nan."

"Ɓarawo fa?"

"Ina ruwan ɓarawo da albarkar garkena?"

"Ni ma abin da na ce ke nan. Ko za ka taɓa mini su?"

Tsohon ya miƙe yana lalube. Yatsunsa suka bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana ambaton kowace da dabbarta, ta jan sa mai karyayyen ƙaho, ta baƙin nan na makon jiya. Sai hannunsa ya tsaya. Ya murza wani ƙulli, ya kai igiyar hancinsa.

"Ni na tuƙa wannan," ya ce a hankali. "Ta farin ce."

Bahauddeen ya sulale ya durƙusa.

"Baba, an cuce ni a kan baƙin. Kullum kana tambaya kuɗin sun fito, likita ya sa rana, na rasa bakin da zan gaya maka. Na ji Nwabueze na neman saniya, na kai masa har gida, na ce kai ka aiko ni. Kuɗinsa ne na kawo maka." Ya juya fuska wajen ƙusar da ke bango. "Na so in jefar da igiyar a kwata. Hannuna ya ƙi."

"Kai ka riƙo hannuna muka je kai ƙara."

"Ni ne, Baba."

"Aka ce an kama Nwabueze, kana zaune a nan kana ba ni ruwa."

Bahauddeen ya kifa goshinsa a ƙasa.

"Nwabueze ya san wanda ya kawo masa san," in ji Sufeto. "Ya gwammace a binne uwarsa ba ya nan, da a ce daga bakinsa ka ji."

Baba Mala ya koma kan buzunsa kamar an ɗora masa buhu. Sufeto ya sha ganin iyaye suna zagi, suna tsinuwa, suna roƙo. Shirun nan ne bai taɓa sabawa da shi ba. Ya ciro waya ya ce wa Saja Monica ta shirya takardar sakin Nwabueze yanzu, kafin wani ya tuna yau Lahadi ce.

"A ce masa ya tafi da san," in ji tsohon. "Ya biya. Ya sa masa gishiri a ruwa, ba ya shan ruwan baƙon wuri. A ce na yi masa ta'aziyya, kunya ba za ta bar ni in je ba."

"Ɗan naka kuma fa, Baba? In ka janye ƙara, da sauƙi."

"Sana na yafe. Idon ma na yafe, na ga abin da zan gani. Amma kwanan da bawan Allah ya yi a ɗakinku yana cikin makoki, ba nawa ba ne balle in yafe. Ya je ya dubi idonsa."

Sufeto ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya bar ta a inda take. Bahauddeen ya miƙe da kansa, ya gyara wa ubansa butar alwala kusa da hannu, ya nufi ƙofa.

Daga cikin gida muryar Inna Yakaka, mahaifiyar Bahauddeen, ta taso, tare da ƙarar murfin tukunya.

"Baha'u! Fita za ka yi ga abinci ya sauka? In ajiye maka?"

Ya tsaya, bai juya ba. Ya dubi Sufeto, Sufeto ya kau da kai yana karanta wata tsohuwar kalanda a bango.

"Ajiye mini, Inna," ya ce.

Suka fita.