Bayan Katakon da Ba Mai Gani

A wurin sayar da katako suka fara haɗuwa, kuma da faɗa aka fara. Baban Auta ne ya aike ta ta zaɓo katakon adon da za a zagaye tagogin gidansu da shi ta waje. Ta nuna wani fari tas mai santsi, sai wani saurayi da fensir a bayan kunne ya tsoma baki, ba wanda ya tambaye shi.

"Ranki ya daɗe, wannan na cikin ɗaki ne. A waje damina ɗaya zai kumbura, gara ta ƙarasa shi. Ki ɗauki madaci busasshe."

"Malam, gidanka ne?"

"A'a, amma ni kafinta ne, ba na iya gani in yi shiru."

Ta harare shi, ta tafi ba ta sayi komai ba, amma da lambarsa a wayarta, wai saboda aiki. Aikin nan har da "kin tashi lafiya?" kowace safiya.

Da maganar aure ta taso, Baba, wanda tsohon tela ne, ya ce bai san zancen ba. Shi ɗan amininsa yake so, mai babban shagon katako da mota. Auta ta yi kuka, Mama ta yi ta lallashi, da ƙyar ya sassauta ya ce a gwada su: aikin tagogin dama na ɗan aminin, na hagu na kafintan. Wanda aikinsa ya gamsar da shi bayan damina, shi zai aura wa Auta.

Kwana biyu ma'aikatan ɗan aminin suka kafa farin katakonsu, sai sheƙi yake. Shi kuwa gogan naka ya baje madacinsa a tsakar gida, yana shafa fenti a baya da kan kowane yanka, ya jira ya bushe, ya sake shafawa. Sati uku! Mama ta rasa wurin shanya, Baba kuma in ya wuce sai ya yi tsaki.

Auta ta tura masa saƙo: "Sarkin taurin kai, don Allah ka kafa katakon nan! Baba ya ce mai fenti a inda ba mai gani ba shi da aikin yi. Da aurenmu fa kake wasa."

Ya amsa: "Autata, ruwa ta baya yake shiga. In na kafa shi haka, na yaudari Baba. Ki yi haƙuri, ina sonki."

"Ka je ka auri madacin!" ta rubuta, ta kashe wayar kwana biyu. Haushi take ji sosai, kuma tana tsoron rasa shi.

Damina ta zo ta wuce. Daga titi duka ɓangarorin lafiya lau, don ɗan aminin ya turo an ƙara wa nasa fenti, har ya fi kyau. Auta ta duba, ta fara fid da rai.

Baba ya tara samarin biyu, ya ɗauko guduma, ya ɓamɓaro katako guda daga dama ya juya. Sai ga bayansa ya yi baƙi, ya danna yatsa ya nutse. Ya koma hagu, sai da ya yi gumi kafin ƙusa ta saki. Bayan madacin a bushe, fentin kamar jiya aka shafa.

"Shekara arba'in ina ɗinki," in ji Baba, "in zan san tela, rigar nake juyawa ciki waje." Ya dubi kafinta. "Ka turo magabatanka. Amma sai ka gyara mini tagogin dama tukuna."

"To Baba, sai dai madacin da na samu ɗanye ne, zai buƙaci wata huɗu ya..."

"Baba, don girman Allah a ɗaura auren tukuna!" Auta ta katse shi daga bayan labule. "In aka biye wa mutumin nan, da furfura za a kai ni."

Baba ya yi dariya har da hawaye. Bayan sati biyu aka ɗaura auren. Da za a tafi da amarya, ya riƙe hannun angon ya ce, "Ga ta nan, ɗana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ta haƙurin zama da kai."