Wasiƙar da Ba Ta Bar Falo Ba

Ranar da Sharhabil ya zo Unguwar Dosa canja rauta, na'urar da ke raba intanet, a gidan Malam Rabe, Zuwaira 'yar mai gidan ce ta kawo masa ruwa. Ya karɓa yana kallon ƙasa kamar yadda ɗan mutunci yake yi, amma sai da ya zubar da rabi a kan takalminsa.

"Injiniya, wayar ka zo haɗawa ko wanki?" ta ce.

Daga wannan dariyar aka fara. Shi ɗan Hayin Banki ne, ubansa tela. Ita malama ce a wata firamare. Wata huɗu yana zuwa zance bayan la'asar, yana tashi kafin magariba, sannan ya turo manyansa.

Malam Rabe tsohon ma'aikacin gwamnati ne, shekara talatin da biyar yana rubuta fayil. Ya so a ce mai albashi ne ya zo, amma bai hana ba. Ya ce maganar tana hannun yayansa Alhaji Sama'ila da ke Fatakwal, shi ne waliyyi. Kuma a wurinsa magana mai nauyi ba a yin ta a waya. Ya zauna ya rubuta wa yayan wasiƙa da hannu, ya sa hannu, ya ɗora ta a kan firintar falo mai ɗaukar hoton takarda ta tura imel. Ya danna, ya ji ta yi ƙara, ya tashi abinsa.

Sati shida shiru. A gidansu ƙani ba ya maimaita wa yaya tambaya, in yaya ya yi shiru to ya ƙi ke nan. Malam Rabe ya kira Zuwaira ya ce ta gaya wa yaron ya daina zuwa.

Ta yi kuka, amma ba ta saɓa ba. Saƙo ɗaya ta tura: "Baffa bai amsa ba. Abba ya ce a haƙura. Ka yafe mini, abin ƙaunata."

Ya amsa: "Ba ki yi mini komai ba, Zuwairata. Ki bi Abba. Ni zan ci gaba da addu'a."

Bayan kwana tara ta ɗora sakamakon ɗalibanta a firintar za ta tura wa shugabar makaranta. Ita ba ta tashi ba, ta tsaya. Sai ga ɗan rubutun Turanci a fuskar na'urar, wai ba ta gano sunan gidan imel ba, ya ɓace nan da nan. Nan take ta tuna wasiƙar Abba. Ta sake dannawa, ta ɗauki hotonsa ta tura wa Sharhabil.

"Ki nemar mini izinin Abba, zan zo da safe," ya rubuto.

Malam Rabe ya yarda, a kan gyara kawai. Ya zauna a kujera yana kallo, Zuwaira tana bayan labule. Sharhabil ya daddanna, sannan ya durƙusa.

Ya yi bayani cewa na'ura ba ta gane suna sai lamba. In aka ba ta sunan gidan imel, sai ta tambayi rauta lambarsa. Ita kuwa wannan firintar, lambar tsohuwar rautar aka rubuta mata, har yau ita take tambaya, ba mai amsa mata. Tun ranar da aka yi canjin ba takardar da ta fita daga falon nan.

"Laifin kamfanin sadarwa ne?" in ji Malam Rabe.

Zuwaira ta runtse ido. Da ya ce e, ba wanda zai gane.

"Laifina ne, Baba. Ni na canja rautar, ban duba firintar ba."

Sharhabil ya gyara lambar, ya tura gwaji, wayar Zuwaira ta yi ƙara daga bayan labule har ta ji kunya.

Malam Rabe ya ɗauko wasiƙar daga fayil, ya zare biro ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, ya karanta a fili: "Yaron yana amsa laifinsa ko da zai ja masa asara. Ni na gamsu." Wannan karon ya tsaya har na'urar ta ce an tura.

Kafin azahar Alhaji Sama'ila ya bugo waya yana faɗa, wai don me za a zaunar da yarinya wata biyu saboda takarda, shi ya amince.

Zuwaira ta shiga ɗaki ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba.

An ɗaura auren bayan ƙaramar Sallah a masallacin unguwa. Da za a kai amarya, Malam Rabe, wanda ba a taɓa ganin hawayensa ba, ya dafa kanta yana hawaye.

"Kin bi ni lokacin da bin yake da ciwo. Allah Ya ba ki masu bin ki, Ya zaunar da ku lafiya."

Mata suka ɗauki amin, ta fita tana kuka tana godiya.