Fararen Layuka a Huhun Ermanno

Idanunta kaɗai Gaetano ya gani ranar da Ornella ta buɗe masa ƙofa, takunkumi ya cinye sauran fuskar. Ita ma idanunsa kaɗai ta samu, a bayan gilashi mai gumi. A garin Clusone da ke arewacin ƙasar, shekarar annoba, rabon kowa ke nan, su biyun kuwa ya ishe su.

Yana cikin likitocin da ke bin gida-gida da 'yar na'urar duba huhu. Mahaifin Ornella, Ermanno, tsohon mai gasa burodi, ya kwana shida yana tari.

"Kai ɗan ina ne?" in ji tsohon.

"Calabria, can kudu, Baba."

"To. Likitocin arewa sun ƙare ke nan."

Kullum da safe Gaetano zai shafa mai a bayan tsohon, ya bi tsakanin haƙarƙari da na'urar, Ornella na riƙe da allon da ke nuna hoton huhun. Ya koya mata cewa layukan da ke kwance lafiya ce, fararen da ke saukowa tsaye su ne abin tsoro. Ba a jima ba saƙonnin waya suka soma tsakaninsa da ita.

"Mai riƙe allo, yau hannunki ya yi rawa."

"Sanyi ne, likitana."

Ermanno ya gane, ya ce ba zai ba ɗan kudu 'yarsa ba. Fulvio mai kantin magani yake so mata, wanda soyayyarsa kan tsaya a bakin ƙofa, ya ajiye ƙunshi ya juya da sauri.

Rana ta biyar layukan suka haɗe, allon ya yi fari fat. Tsohon kuwa yana zaune yana cewa garau yake jin kansa. Ornella ta ja Gaetano kicin.

"Ka ce masa babu komai, don Allah. Wata guda ke nan da motar asibiti ta ɗauki Mama. Tokar gawarta aka dawo mana da ita."

"Huhun ya riga shi sani, Ornella. Gobe ba zai iya hawa matakala ba."

"In ka kira mutanen asibiti, kada ka ƙara taka gidan nan."

A gabanta ya kira su.

Kwana goma sha tara yana aika mata saƙo ɗaya kowace rana, ba ta amsawa. "Yau an kwantar da shi rub da ciki." "Yau an rage iskar da ake ba shi." Rana ta ashirin ya rubuta: "Baba ya zagi miyar asibiti."

Ta amsa: "Ka zo. Ban ce na yafe ba, na ce ka zo, zuciyata."

Ermanno ya dawo gida a rame. Ya daɗe yana kallon saurayin.

"An ce ta hana ka, ka ƙi ji."

"Haka ne, Baba."

"Ni shekara ashirin da bakwai ban iya ce wa yarinyar nan a'a ba, uwarta ma haka. Ɗauke ta, ɗan kudu."

A watan Satumba aka ɗaura aure, mutum goma sha biyu a coci, kowa nesa da kowa. Ermanno ya raka 'yarsa da ƙafarsa, ya tsaya sau biyu yana maida numfashi. Da ya damƙa wa Gaetano hannunta ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da tsawon rai, ya nemi kujera.