Akuyar Lorraine

Ranar Talata da hantsi Wendell Gagnon ya shigo ofishin 'yan sanda ya ce an sace masa akuya mai suna Biskit tun Lahadi.

"Wa ke tatsar ta?" in ji Insifekta Noreen Thibodeau.

"Ni mana. Duk sanda na samu sukuni."

Insifekta a gona ta tashi. Akuyar nono ba ta san sukuni ba, shida na safe ne da shida na yamma.

"Matarka fa?"

"Lorraine ta je ganin dangi."

A garken ta tarar an kwance igiya, ba yankewa aka yi ba. Ɓarawon har da bokitin tatsa ya tafi.

Ta wuce wajen likitan dabbobi, Dokta Ouellette.

"Haƙarƙarin Biskit biyu suka karye watan jiya," ya ce. "Wai faɗuwa ta yi. Noreen, kin taɓa ganin akuyar da ta faɗi?"

"Wa ya kawo ta?"

"Lorraine, ita ma hannu a ɗaure. Sau uku tana barin gidan. Sai Wendell ya kira ta a waya, ya sa akuyar kuka, ta dawo."

Maƙwabciyar su Wendell, Bernice, mai shekara tamanin, ta tarbi Insifekta da faranti.

"Ban ga wata akuya ba, 'yar nan. Ci cuku."

"Gwaggo, cukun nan sabo ne, ke kuwa ko kaza ba ki da ita."

Daga garejin gidan aka ji "meee".

"Mijina ne, mura yake."

"Da ni aka binne shi, Gwaggo."

Dariya ta kuɓuce a bayan ƙofa. Lorraine ta fito riƙe da takardar kotu. Alƙali ya haramta wa Wendell kusantar ta, ya kuma sa sunan Biskit a ƙarƙashin nata.

"Kada ki faɗa masa inda nake. Ba zan koma ba."

"Ƙaro mini cuku," in ji Insifekta.

Da yamma ta kira Wendell ofis, ta ajiye hoton haƙarƙarin akuyar da likitan ya ba ta a gabansa.

"Ba akuya kake nema ba. So kake mu nemo maka maɓoyar matarka."

"Sau biyu kawai na shure ta! Don Lorraine ta dawo gida! Dabba ce fa!"

"Na gode da ka faɗa da bakinka. A dokar jiharmu, wanda ya cuci dabba don ya tsorata matarsa, cin zarafin iyali ya yi. Hannun Lorraine kuma sai gaban alƙali."

Kofur ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa Wendell ya waiwayo.

"To akuyar fa?"

Insifekta ta duba agogo.

"Shida ta yi. Ana tatsar ta."

"A ina?"

"Kofur, tafi da shi."