Hannun Jika

Ranar hutun ƙarshen shekara muka kai wa masu kwana a ƙarƙashin gada abinci. Aikina shi ne shafa wa wanda ya karɓa tawada a yatsa, don kada ya maimaita.

Da duhu ya shiga, wata tsohuwa ta miƙo hannu mai sanyi kamar ƙanƙara, ga tawada a yatsan.

Na ce, "Iya, kin karɓa. Cikin naki rijiya ne?"

"Na jikata ne, 'yar nan."

"To, jikar ta kawo hannunta."

Ta laluba cikin zaninta, ta zaro ɗan ƙaramin hannu da ɗuminsa, ta ɗora mini a tafin hannu. Yana sanye da awarwaron autata, wadda na bari tana barci a mota.