Bokitin Ƙarfe a Layin Famfo

Ku matso, ku rage murya. A jami'armu aka yi wannan.

Ɗakunan kwanan 'yan mata, a kan kufan wani ƙauye aka gina su. Da aka tashi mutanen, sai aka cike rijiyarsu da ƙasa, aka kafa famfo a kai. Tun daga lokacin akwai wani tsohon bokitin ƙarfe a gaban layin bokitai. Ba na kowa ba ne. In ruwa ya zo shi ake fara cikawa, kuma ba a taɓa abin da ke ciki. Kowa ta sani, ban da sababbi.

Uwani sabuwa ce, satinta biyu. Babbar ɗakinsu, Furera, 'yar ajin ƙarshe, ta ƙwallafa rai a kan gadon Uwani, tana so ta bai wa wata ƙawarta. Muguwa ce, ga fara'a kamar gaske.

Kwana uku famfo bai kawo ruwa ba. Ranar Juma'a da tsakar rana Furera ta ce, "Ƙanwata, je ki juye na bokitin ƙarfen nan ki yi wanka. Zaman banza yake."

Uwani ta tafi da murnarta. Wurin tsit, ko tsuntsu babu. Tana gama juyewa ta ji an ce, "'Yar nan."

Tsohuwa ce a gabanta, amma muryar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa, tana amsa kuwwa. Ƙafafunta sharkaf da laka, alhali ƙasa a bushe take ƙamas. Nan take ƙishirwa ta kama Uwani.

"Rabona kika ɗauka."

"Iya, wallahi ban sani ba. Aiko ni aka yi."

"Na sani." Ta miƙo mata ƙoƙo cike da ruwa, sanyinsa har ƙashi. "Kafin la'asar, ɗayarku za ta sha. Ke, ko ita."

Uwani ta koma ɗaki da ƙoƙon. A bakin ƙofa ta jiyo Furera tana dariya a waya: "Kawo katifarki, yau gado zai samu."

Uwani ta dubi ƙoƙon da ke hannunta. Ta juye ruwan a kofi, ta yi sallama.

"Anti Furera, ga ruwan sanyi na samo miki."

"Kai, Allah ya yi miki albarka!"

Uwani ta tsaya a kanta har sai da ta ga gindin kofin.

Daga ranar Furera ba ta ƙara ƙoshi da ruwa ba. Ta shanye jarka guda, leɓɓanta na tsagewa, tana kukan ƙishi babu hawaye. Saura sati ɗaya jarrabawar ƙarshe iyayenta suka zo suka ɗauke ta a kwance. Ƙawar nan kuwa gadon Furera ta samu, ko zanen gadon ba ta canja ba, ta haye. Ita ma Uwani ba a ga damuwa a fuskarta ba, har ƙiba ta yi.

Don haka kada wadda ta je famfo ita kaɗai da tsakar rana. In kuma 'yar ɗakinku ta miƙo muku ruwa, ta tsaya tana kallonku, ku ce azumi kuke.